Radiyon aljihu: aikin da ke jiran ɗiyan manoma na jami'ar Maraɗi

Duk wanda ya biyo babbar hanyar kwalta daga Maraɗi za shi Tasawa, sai ya ratsa Cadawa kafin ya kai Agye. In ya tsaya bakin tasha zai ga rumfar mai cajin salula. Wayoyi ne jere bisa tebur, kowace da igiyarta, kamar awaki a turke. Nan samari ke kawo memori a zuba masu waƙa, ko wa'azi, ko wasan Kano. Manomi na tafiya gona bisa amalanke, salula na magana cikin aljihunshi. Makiyayi na bayan bisashenshi, ita ce abokiyar hirarshi. Da yawa cikinsu ba su karanta saƙon rubutu. Amma kowa ya iya danna wurin murya, ya saurara, ya maida amsa.

To, cikin duk abin da ake zubawa a memori, nawa ne ke maganar gonar mai wayar? Nawa ke maganar murzuna da ke cin hatsinshi, ko ƙwaron da ke huda wakenshi, ko ranar da za a saki gonaki? Kaɗan ne ƙwarai. Alhali ilimin yana nan kusa. Daga Cadawa zuwa jami'ar Maraɗi bai kai tafiyar awa guda cikin mota ba. Ɗiyan manoma da makiyaya na ƙasar Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji suna karatu can. An saida aya, an saida rago, don su samu kuɗin ɗaki da na takarda. In sun komo hutu, uba ya tambayi ɗanshi mi ya koyo, sau da yawa amsar ba ta fita, don an koya mashi da Faransanci, uban kuwa Hausa ko Fulatanci yake ji.

Akwai wata hanya da za ta iya rage wannan rata. Sunanta fodkas.

Mine ne fodkas?

Fodkas shirin radiyo ne wanda ba ya bukatar gidan radiyo kafin a ji shi. Mutum ya ɗauki magana da salula ko da rakoda, ya gyara ta, ya sa ta cikin intanet ko cikin memori. Mai so ya ɗauka, ya saurara lokacin da ya ga dama. Kalmar ta Ingilishi ce. Wani ɗan jarida, Ben Hammersley, shi ya fara rubuta ta cikin jaridar Guardian ta Ingila a 2004.

Bambancinshi da radiyo a fili yake. Shirin radiyo na da lokacinshi. In an yi shi kana rijiya ko kana kasuwa, ya wuce ka ke nan. Fodkas kuwa yana jira. Ana iya jin shi sau uku, a tsaida shi a yi gardama, a maida shi baya in wata magana ta shige ma mutum duhu. Kuma ya bambanta da saƙon murya da ake turawa barkatai. Shi yana da suna. An san mai yin shi. An san ranar da sabo ke fitowa, kamar yadda aka san ranar kasuwa.

Masu Hausa sun riga sun shiga. Jaridar Aminiya ta Najeriya ta fito da shirye-shirye irin wannan, kamar Najeriya A Yau da Daga Laraba. A Yamai, Studio Kalangou ya fara aiki cikin watan Janairu na 2016, da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Faransanci. Radiyoyin garuruwa na watsa shirinshi, ana kuma aje shi cikin intanet don wanda bai ji ba.

Tsofaffi sun san irinshi

Duk dattijon da ya yi wayo zamanin Jori Hamani zai ce wannan abu ba baƙo ba ne. A 1962 anka kafa ƙungiyar radiyo-kulob ta Nijar. Ana ba wani mutum cikin gari, yawanci malamin lakwal, akwatin radiyo da rakoda. Da dare jama'a su taru su ji shiri kan noma, ko lafiya, ko auren wuri, ko bashin iri. In shiri ya ƙare sai muhawara ta tashi. Malamin ya ɗauki maganar mutane cikin teb, ya aika Yamai. Can a zaɓa, a haɗa, a watsa. Sai manomi ya ji muryar ɗan'uwanshi manomi na fitowa daga akwati, ba muryar ma'aikaci kaɗai ba.

Wahalar wancan lokaci ita ce nisa da tsada. Rakoda ɗaya ce a gari, batir na ƙarewa, teb na yin kwanaki bisa hanya, kuma wani ne can Yamai ke yanke abin da za a ji. Yau rakodar tana aljihun kowane ɗan jami'a. Abin da ya rage shi ne iya aikin, da wurin yin shi.

Abin da ke cikin jami'a

An kafa jami'ar Maraɗi a 2010. Daga baya anka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗan Maraɗi wanda ya riƙe ministan ilimi. Ana koyar da aikin gona da kiyaye muhalli, da kimiyya, da aikin likita. Kusa da ita, a Tarna, akwai tashar binciken noma ta INRAN.

Ga misalin abin da ya kamata kowane mai gonar hatsi ya ji da kunnenshi. Murzuna ɗiyar wani malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare. Yana zuba ƙwai bisa zangarniya sa'ad da hatsi ke fidda kai. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta bi zangarniya tana ci tana kewayawa, ta bar mata zane kamar an naɗa igiya. Masana sun gano wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Yana harbin tsutsar, ta sandare, ya zuba ƙwanshi bisa jikinta, ɗiyanshi su cinye ta. Tun cikin shekarun 2000 ake kiwon wannan ƙwaro a Maraɗi. Ana sa shi cikin ƴan buhunan algarara, a rataya cikin garuruwa lokacin da hatsi ke fidda kai, ya fita ya bazu cikin gonaki. Malam Ibrahim Bawa, masanin ƙwari da ya yi aiki a INRAN kafin ya koma koyarwa a jami'ar, yana cikin waɗanda sunka daɗe bisa wannan aiki.

Haka kuma buhun PICS mai ciki uku, wanda anka fara yaɗawa a 2007 tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu ciki, buhu ɗaya waje. A zuba wake busasshe, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba tare da an sa magani ko kaɗan ba. Amma in leda ta huje, ko anka riƙa buɗe buhu kullum ana ɗiba, aikin ya ɓaci. Wannan ɗan bayani na ƙarshe shi ne ke ɓacewa in labari ya bi baki da baki. Cikin fodkas ba ya ɓacewa, don mai buhu na iya sake ji ranar da zai ɗaure nashi.

Ilimi kuma ba daga jami'a kaɗai yake gangarowa ba. Mutanen Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, sun yi suna wajen sassaben zamani, wato barin tohon itace cikin gona a gyara shi ya girma maimakon a sare a ƙone. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo ganin gonakinsu. Ɗan jami'ar da ya kai masu rakoda, shi ne ɗalibi, su ne malamai.

Ƙaƙa ake koyo?

Makarantar aikin jarida da radiyo, wadda a da ake ce ma IFTIC, tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Ba kowane ɗan manomi zai je can ba, kuma wanda ke karatun gona ko na likita ba zai bar nashi ba. A Kano, jami'ar Bayero tana da gidan radiyonta, BUK FM, inda ɗalibai ke koyon aiki da hannunsu. Wanda bai samu irin wannan ba sai ya koya yadda ɗan makaɗi ke koyon kiɗa: da kunne tukuna, sannan da hannu.

Ya zaɓi shiri ɗaya da yake so a Muryar Sahel ko wata tasha. Ya ji shi sau uku. Na farko don daɗi. Na biyu ya lura ƙaƙa mai shirin ya buɗe, ƙaƙa ya gabatar da baƙonshi. Na uku ya ƙirga tambayoyin, ya ga wace ce ta sa baƙo ya saki baki, wace ce ta sa ya ce i ko a'a ya yi shiru. Zai gane cewa tambaya mai kyau gajera ce. Zai gane kuma gwanin shiri ya fi saurare bisa magana.

Sannan ya gwada. Kuskuren farko da ƴan makaranta ke yi shi ne su rubuta darasi su karanta. Kunne ba ido ba ne. Abin da anka rubuta don allo, in an karanta shi cikin salula, barci yake sawa. Gara ya rubuta kanun magana uku ko huɗu bisa ƴar takarda, ya yi bayani kamar yana gaban kawunshi. In zai faɗi awo, ya ce tiya da dami, kada ya ce kilo da tan. In kalmar Faransanci ta tsaya mashi a wuya, kada ya haɗiye ta ya wuce. Ya je ya tambayi malamin gona ko wani tsohon manomi mi ake ce ma abin a nan. Kusan kullum akwai sunan. Akwai gwaji mai sauƙi: ya sa ma kakarshi shirin. In ta iya maida mashi abin da ta ji, shiri ya yi. In ta ce muryarshi da daɗi kawai, to da saura.

Magana ɗaya, shiri ɗaya. Minti goma ya isa. Wanda ya haɗa murzuna da rigakafin bisashe da kuɗin taki cikin zama guda, mai saurare zai tashi bai riƙe ko ɗaya ba.

Gyaran murya shi ne abin da ke ba mutane tsoro, alhali bai kai ɗinki wuya ba. Akwai wata manhajar kwamfuta mai suna Audacity, kyauta ce tun da ta fito a shekarar 2000. Tana nuna magana bisa allo kamar kunyoyin gona. Inda mutum ya yi tari, ko jaki ya yi kuka, a yanke a jefar, a haɗa bakin biyu. Akwai irinta na cikin salula. Wanda ya zauna yini biyu kusa da mai injin wani gidan radiyo, yana kallon hannunshi, zai iya.

Ina za a ɗauki magana?

Nan ne yawancin masu niyya ke tsayawa. Suna jin sai sun samu sitidiyo irin na Yamai, mai ƙofa biyu da gilashi da jar fitila. Ba su samu ba, sai su fasa.

Sitidiyo ba wani abin mamaki ba ne. Ɗaki ne da anka yi ma abu biyu. An hana ƙarar waje shiga. An hana muryar ciki bugun bango ta komo. Shi ya sa ake lulluɓe bangonshi da soso ko da ƙyalle mai kauri. Duk ɗakin da ya cika waɗannan biyu, ya yi.

Ɗan jami'a ya fara dubawa cikin jami'ar kanta. Babban ajin karatu shi ne mafi muni, ko da ba kowa ciki: siminti ƙasa, siminti bango, murya na yawo kamar cikin rijiya. Ƙaramin ofishin malami mai cike da littattafai da labule ya fi shi nesa. Sai ya roƙi malamin da zai yi hira da shi su zauna can, a kashe fanka, a rufe taga, a sa takarda a ƙofa kada a ƙwanƙwasa. Tun farko ya gaya ma shugaban sashenshi abin da yake nufi, ya nemi takarda mai sa hannu da hatimi. Wannan takarda, tare da katinshi na ɗalibi, ita ce za ta buɗe mashi sauran ƙofofi.

Cikin birnin Maraɗi akwai tashar jiha ta Muryar Sahel, akwai masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya. Akwai kuma ƙananan ɗakunan da mawaƙa ke ɗaukar waƙa, waɗanda ake biya da awa. Wanda zai shiga wurin biya ya gama shirinshi tun daga gida, ya san abin da zai faɗa, don agogo ba ya jiran mai tunani.

Sai radiyoyin karkara. Na farko a Nijar an buɗe shi a Bankilare a 1999, kuma yau sun wuce 100 cikin ƙasa. Jama'ar gari ke riƙe da su. Yawancin ma'aikatansu ƴan sa kai ne, kuma kullum suna neman abin da za su watsa wanda ya shafi mutanensu. Nan ciniki ke faɗawa daidai. Ɗalibi na da magana ba shi da ɗaki. Radiyo na da ɗaki, yana son magana. Kada ya je hannu sake yana roƙon makirufo. Ya je da shiri ɗaya da ya riga ya ɗauka, ko da bai yi kyau sosai ba, ya sa ma shugaban radiyon ya ji. Ya yarda su watsa shi kyauta, su kuma su ba shi awa ɗaya cikin mako sa'ad da ɗakin ba kowa. Ya zo kan lokaci, ya bar wurin yadda ya iske shi. Wanda ya saba alkawari sau biyu ya rufe ƙofa ga duk ɗalibin da zai zo bayanshi.

Amma mafi kyaun ɗaki, sau da yawa, yana gidan uban ɗalibin. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa, da tabarma a ƙasa, da gado, da tufafi rataye, da buhunan hatsi jingine da bango, yana shanye amo fiye da ofis da yawa na birni. Ɗakin kwano da siminti shi ne abin gudu, balle in rana ta bugi kwanon yana ƙara, ko ruwa ya sauko. In ba wani sai shi, a rataya barguna, a shimfiɗa tabarmi, a zauna kusa da gado.

Lokaci ma wuri ne. Da asuba zakaru na cara, mata na daka. Da marece bisashe na komowa, yara na wasa, injin niƙa na aiki. Da damina, hantsi ya fi, sa'ad da gari ya watse gona. Da rani, sai bayan lisha. Kafin a fara, a yi shiru minti ɗaya a saurara. Kunne ya saba da ƙarar gida har ba ya jin ta, amma salula ba ta saba ba, kome take kwashewa.

Sauran ƴan dabaru ne. A rufe layin waya kafin a fara, kada kira ya shigo ya yanke magana. A cika caji. Tsakanin baki da salula a bar kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkata ta gefe don numfashi kada ya buge ta. Kada a riƙa juya ta a hannu, gara a aza ta bisa matashi. In dole sai a gona za a ɗauka, a juya ma iska baya, a sa ma wayar safa mai tsabta ko ɗan soso a baki. Iskar hunturu ta ɓata hira da yawa da ba a iya sakewa. A ɗauki magana kaɗan tukuna, a saurara da abin kunne, sannan a ci gaba. A bakin kowane ɗauka a faɗi sunan gari da ranar wata.

Magana zarar bunu

Abin da ya shiga salula ɗaya da safe, kafin dare yana iya kai Katsina da Agadas. Ba a kiran shi ya komo. Don haka akwai ka'idodin da mai fodkas ba zai taka ba.

Ba a ɗaukar muryar mutum a ɓoye. A gaya mashi mi za a yi da ita, da inda za ta je. In ya ce kada a faɗi sunanshi, kada a faɗa. In ya gama magana ya ce a cire wani wuri, a cire. Baƙo ya fara gaida mai gari, ya faɗi abin da ya kawo shi. In da mata za a yi hira, ɗaliba ta fi dacewa ta shiga. Mata ne ke riƙe da awaki da yawa, da aikin man gujiya, da abincin yara, kuma ba za su faɗa ma saurayi baƙo abin da za su faɗa ma ɗiyarsu ba. Shirin da babu muryar mace ciki ya bar rabin gari waje.

Ɗan shekara biyu a jami'a bai zama likita ba, bai zama malamin gona ba. Maganar awon maganin ƙwari, da maganin bisashe, da na mutane, kuskure cikinta na kashewa. Kada ya faɗi awo daga kanshi. Ya kai salula gaban wanda aikinshi ke nan, ya faɗi sunanshi da aikinshi, mai ji ya san daga bakin wa magana ta fito. Ƙungiyar zaurukan manoma ta ƙasa, RECA, ta buɗe wurin amsa kiran manoma a 2017. Ana tambaya da Hausa ko Zabarmanci, ta kira ko ta WhatsApp, manomi ya turo hoton ganyen da ya lalace, masana su amsa da murya. Mai fodkas na iya jingina da su, da kuma zauren manoma na jihar Maraɗi, kafin ya saki magana.

Mafi nauyi ita ce maganar gona da kiwo. Mutanen wannan jiha ba su manta da Toda ba, cikin ƙasar Gidan Rumji, inda a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A lokacin babu salula. Yau jita-jita ta fi doki gudu. Murya ɗaya mai cewa an yi ɓarna wuri kaza, ba a tabbatar ba, tana iya tada gari. Ranar sakin gonaki hukuma ke tsaida ta kowace shekara. Iyakar burtali da makiyaya, kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada su ke da ta cewa. Mai shiri ya je wurinsu ya ɗauko daga bakinsu. In ya ba manomi minti biyar, ya ba makiyayi minti biyar. In da hali a yi shirin da Hausa a sake shi da Fulatanci, da muryar ɗan rugga, ba da ta mai fassara daga nesa ba. Cikin jami'a akwai ɗiyan makiyaya. Ɗan manomi da ɗan makiyayi su yi shirin tare, kowa ya kai shi gidansu.

Ƙaƙa zai kai ga jama'a?

Mutanen birni na sa fodkas cikin manyan rumbunan intanet, inda na Kumasi da na Jidda za su same shi. Wannan na da amfani, don ƴan ci-rani na son jin gida. Amma a karkara mega kuɗi ce, layi kuma ba ko'ina yake da ƙarfi ba. Sai a rage nauyin shiri. Magana ba ta bukatar nauyin waƙa: minti goma na iya tsayawa wajen mega biyar, ya fita tangaran.

Daga nan hanyoyi na da yawa. A tura ma ƙungiyoyin WhatsApp na gari da na ƴan kwaperatif. A kai ma mai cajin salula na tasha ya riƙa zuba ma masu memori, tunda wurinshi kowa ke zuwa. Waya ta ba waya ta Bluetooth, ba a biyan ko dala. Radiyon karkara ya watsa ma masu akwati. Kuma ba abin da ya hana a koma ga tsohuwar dabara ta radiyo-kulob: a taru ƙofar mai gari bayan lisha, a sa shiri cikin ɗan lasifika, a yi muhawara, ɗalibi ya ɗauki tambayoyin ya koma da su Maraɗi. Amsarsu ita ce shiri na gaba.

Shiri ya bi kalandar gona. Maganar iri da sassabe, kafin ruwan farko. Maganar murzuna, kafin hatsi ya fidda kai, ba bayan ta gama ci ba. Buhun wake da sakin gonaki, da kaka. Rigakafin bisashe, sa'ad da ma'aikatan kiwo sunka sa rana. Ɗalibin da ke da jarrabawa gabanshi ya ɗauki shiri uku ko huɗu lokacin hutu ya aje, ya riƙa saki ɗaya ɗaya, don kada masu jira su ji shiru su watse.

Da rani, in aikin gona ya yi sauƙi, lokacin tsofaffi ne. Akwai masu sanin yadda anka kafa garuruwan nan, da sunayen rijiyoyi, da irin hatsin da ake shukawa kafin yunwar 1973 da ta 1984, da abin da mutane sunka ci sunka rayu. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda anka kafa a 1968 don tattara irin wannan magana ta baka, kuma teb ɗin da ma'aikatanta sunka ɗauka tun wancan zamani suna nan aje. Ɗalibin da ya ɗauki hirar kakanshi kada ya bar ta cikin salula kaɗai, don salula na faɗawa rijiya, ana sace ta, memori na mutuwa. Ya yi kwafi biyu. Ɗaya cikin kwamfuta a Maraɗi, ɗaya cikin memori daban, a naɗe shi a takarda, a rubuta sunan mai magana da garinshi da shekara, a ba uwar gida ta sa cikin akwatinta.